Wata uku ina karanta yaƙe-yaƙen sararin samaniya, miyagun ne suka fi ba ni haushi

Wata uku cif na yi ina biyan kuɗin ɗaya daga cikin manhajojin nan na karanta komik, irin waɗanda za ka biya sau ɗaya a wata su buɗe maka rumbun tsofaffin fitowa, ka yi ta karatu har idonka ya yi ja. Abin da ya kai ni shi ne ƙagaggun labaran kimiyya, musamman na yaƙi tsakanin daulolin sararin samaniya. Na daɗe ina jin sunan Kree da Skrull, daulolin baƙin halittu biyu na komik ɗin kamfanin Marvel, a bakin masu kallon fina-finai, sai na ce bari in koma tushe in ga yadda aka faro su a kan takarda. Tun yanzu ina jan kunne, zan fasa ƙwai a kan ƙarshen labarai da dama. Wanda yake son ya karanta su da sabon ido, gara ya dakata a nan.

Ita manhajar ba ta da wani babban aibu. An gyara tsofaffin shafuka, launi ya fito tas, kuma ana iya sauke fitowa a karanta ko babu data. Tsarin da ke zuƙo maka hoto ɗaya bayan ɗaya yana da daɗi a waya, sai dai yana cin haƙƙin mai zane: hoton da aka shimfiɗa a kan shafi biyu don ya cika maka ido, sai ka gan shi gutsi-gutsi. Ga wahalar gane abin da ke bin wani, domin babban labari yakan warwatsu a cikin mujallu daban-daban. A ƙarshe takarda na samu na rubuta jerin da hannuna. Duk wannan ƙaramin abu ne. Abin da ya tsaya mini a rai yana cikin labaran.

Na fara da Fantastic Four fitowa ta 2, ta farkon shekarar 1962, aikin Stan Lee da Jack Kirby, inda Skrull suka fara bayyana. Korayen halittu ne masu dogayen kunnuwa da haɓa mai tsaga-tsaga, baiwarsu rikiɗa, duk kamannin da suka ga dama shi suke ɗauka. 'Yan leƙen asiri huɗu aka turo su ɓata sunan jaruman, rundunar mamaya kuma tana jira a sama. To yaya aka yi maganinsu? Reed Richards, masanin kimiyyar da ke jagorantar Fantastic Four, ya je wurin shugaban rundunar a matsayin ɗaya daga cikin 'yan leƙen asirin, ya nuna masa hotunan dodanni da ya yanko daga mujallun komik, ya ce ga masu gadin wannan duniyar. Shugaba ya tsorata, ya tattara nasa ya nasa ya koma. Uku daga cikin 'yan leƙen asirin kuma aka sa su rikiɗa su zama shanu, aka juyar musu da hankali suka manta ko su wane ne, aka bar su suna kiwo.

Ƙanena yana gefena lokacin da na iso shafin shanun. Ya karɓi wayar ya duba, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Yaya, wai daular da ta ƙetaro taurari ce aka kora da hoton mujalla?" Na ce masa labarin yara ne na shekarar 1962, a yi masa uzuri. Kuma da gaske nake, ban riƙe wannan fitowar da komai ba, ba ta ce ita wata tsiya ba ce. Abin da ban zata ba shi ne in tarar da irin wannan dabarar ta bi labaran har cikin girmansu, ta dai canza riga.

Yaƙin Kree da Skrull, wanda ya fito a Avengers daga fitowa ta 89 zuwa ta 97, tsakanin 1971 da 1972, shi ne wanda kowa ke cewa sai ka karanta. Roy Thomas ya rubuta, Sal Buscema da Neal Adams da John Buscema suka zana. A yaba wa gwani: shafukan Neal Adams har yau suna tsayar da mutum. A fitowa ta 93 Vision, jarumin da ƙera shi aka yi kamar na'ura, ya faɗo cikin gidan jaruman a galabaice, ashe shanun nan uku ne suka harbo shi, sun farfaɗo sun tuna asalinsu. Sai Ant-Man ya ƙanƙance ya shiga cikin jikinsa don ya gyara shi, yana ratsa bututu da wayoyi kamar mai yawo a baƙon gari. Wannan ɓangaren na karanta shi sau uku, na kashe tsarin zuƙowa don in ga shafin gaba ɗaya. Dawo da shanun bayan shekara tara ma basira ce.

Amma ina yaƙin? Sunan labarin yaƙi tsakanin dauloli biyu, sai ga shi da ƙyar ka ga sun gwabza. Mene ne suke faɗa a kansa, me talakan Kree yake tsoro, wa ke ciyar da sojan Skrull, duk shiru. An dai gaya mana tsohuwar gaba ce, kuma duniyarmu ta faɗo a tsakiyar hanya. Akwai 'yan tsagogi biyu da marubucin ya buɗe: Ronan ya ƙwace mulki daga hannun Supreme Intelligence, wancan ƙaton koren kan da ke cikin tankin ruwa, wanda aka haɗa daga ƙwaƙwalwar manyan masanan Kree, a ɗaya ɓangaren kuma gimbiya Anelle, 'yar sarkin Skrull, ba ta son yaƙin ubanta. Na zauna ina jiran a ja ɗayan zaren nan. Sai a fitowa ta ƙarshe aka ɗauko Rick Jones, matashin da ba shi da wani iko, wanda aikinsa bin jarumai a baya, aka ce akwai wani ƙarfi a kwance cikin kowane ɗan Adam, Supreme Intelligence ya taso da nasa. Yaro ya daskarar da rundunonin dauloli biyu a inda suke, yaƙi ya ƙare kamar an yi ruwa an ɗauke. Fitowa tara ana tara itace, da aka zo kunna wuta sai aka ce ai abinci ya riga ya dahu.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. A cikin labarin an kawo wani ɗan siyasa, H. Warren Craddock, wanda ke shugabantar hukumar farautar baƙin halittu, yana tara jama'a yana zuga su, yana kiran mutane gaban kwamiti ana tuhumarsu da goyon bayan baƙi. Duk wanda ya san tarihin Amurka na shekarun 1950 zai gane zamanin Sanata McCarthy ake haskawa. Wannan shi ne mugu mafi ban tsoro a labarin, domin ba ya buƙatar kumbo ko bindigar haske, lasifika ta ishe shi. Sai a ƙarshe aka ce ai shi ma Skrull ne, na huɗun nan da ya ɓace tun 1962. Jama'ar da ya zuga suka far masa suka kashe shi. Wato an wanke ɗan Adam tas, laifin na baƙo ne, kuma tsoron baƙin da labarin ya fara da sukarsa ya zama yana da hujja.

Na tsallaka zuwa 2008, Secret Invasion, fitowa takwas, rubutun Brian Michael Bendis da zanen Leinil Francis Yu. A nan kam an ba Skrull dalili mai nauyi. Tun a 1983, a Fantastic Four fitowa ta 257, Galactus, wani ƙato mai cin duniyoyi, ya cinye duniyarsu ta mulki, daula ta tarwatse. Sarauniya Veranke ta taso da wani tsohon alkawarin addininsu cewa duniyarmu ce sabon gidansu. Mutane ne marasa gida masu ganin an yi musu alkawari, kuma sun koyi rikiɗar da babu na'ura ko tsafi da ke gane ta. Sun yi shekaru suna sace jarumai suna maye gurbinsu: Elektra, Hank Pym, Black Bolt, har da Jarvis mai hidimar gidan Avengers, ita sarauniyar kuma ta shiga rigar Spider-Woman. Kura da fatar akuya a cikin garke. Fitowa ta farko ta sa na kasa barci, don a cikin 'yan shafuka sun kashe na'urorin Tony Stark, wato Iron Man, sun tarwatsa tashar gadin sama, kowa ya koma kallon na kusa da shi da gefen ido.

Daga nan labari ya tafi Savage Land, wani ƙagaggen ɓoyayyen daji, ya zauna. Fitowa bayan fitowa manyan jarumai suna cikin daji suna dambe da wasu kwafinsu masu kayan shekarun 1970. Reed Richards, shi dai, ya ƙera na'urar da ke tona asirin mai rikiɗa, abin da aka yi shekara ana gaya mana ba zai yiwu ba. Sannan al'ummar da duk ƙarfinta yake cikin ɓuya ta tattaru a fili ɗaya, a Central Park na birnin New York, don a yi gaba da gaba da Thor. Wane janar ne zai yi haka? Wanda ya riga ya shige cikin gidanka, ya san inda kake ajiye makulli, me zai fito da shi tsakar gida ya ce a zo a yi kokawa? Norman Osborn, tsohon mugun nan abokin gaban Spider-Man, ya harbe Veranke a ka a gaban kyamarori, mamaya ta watse. Waɗanda aka sace kuma aka same su da ransu a cikin wani jirgi, lafiya lau. Aka ajiye Skrull gefe domin ainihin aikin labarin ya cika, wato ɗora Osborn a kan mulki saboda labarin da zai biyo baya.

Annihilation na 2006, wanda Keith Giffen ya jagoranta, ya fi su duka daɗin karatu, kuma a can ne na fara ganin Kree a matsayin mutane masu siyasa, da gidan 'yan kasuwa da ya riƙe mulki yana cinikin daula. Sai dai abokan gaban ƙwari ne biliyoyi marasa fuska, kuma da aka rasa yadda za a yi da su, sai aka kwance Galactus ya yi fushi sau ɗaya ya share mafi yawansu.

A nan ne na ajiye wayar na fara haɗa lissafi. Da ina ɗauka matsala biyu ce daban: raunin ƙarshen labari, da kuma miyagun da ba su da zurfi. Ashe ɗaya ce ke haifar ɗaya. Idan marubuci ya zana rundunar miyagu a matsayin dunƙulallen dutse, kowa fuska ɗaya, ra'ayi ɗaya, babu mai gunaguni, babu mai bin bashin albashi, babu mai son komawa gida, to ya ɗaure kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa ya gina bango ba tsaga, ya kuma ce bangon ya fi ƙarfin kowa. Da ya zo fitowa ta ƙarshe ba shi da mafita sai maɓalli: a kashe bos yaransa su zube, ko a samo wani makami da ba a taɓa ambata ba, ko wani yaro ya farka da iko. Tun 1966 ake wannan, lokacin da aka aika Human Torch na Fantastic Four ya ɗauko wata 'yar na'ura da ta sa Galactus ya janye. Wancan aƙalla mutum ɗaya ne. Idan aka yi wa daula guda haka, sai ta koma kayan ado.

Kuma abin yana da tushe mara daɗi. Flash Gordon na Alex Raymond, wanda ya fara fita a jaridun Amurka a 1934, ya zo da Ming, sarkin duniyar Mongo, da launin fata da gashin baki da tufafin da aka kwaso kai tsaye daga yadda Turawan wancan zamani ke zana mutanen gabashin Asiya don tsoratarwa. An daina zana fuskar haka, an mai da fatar kore ko shuɗiya, amma tunanin cewa mugunta a jini take, al'umma guda halinta guda, bai tafi ko'ina ba. Ko a ƙarshen yaƙin Kree da Skrull, bayanin da aka bayar shi ne jinsunan biyu sun kai iyakar ci gabansu, ɗan Adam ne mai sauran tafiya a gaba.

Littattafai biyu da ba a manhajar na karanta ba su ne suka nuna mini ana iya yin abin da kyau. Na farko Invincible na Robert Kirkman, da zanen Cory Walker da Ryan Ottley, wanda ya yi fitowa 144 daga 2003 zuwa 2018. An daɗe ana tsorata mu da daular Viltrum kafin a bayyana sirrinta: wata ƙwayar cuta da aka ƙera ta kusa ƙarar da su, tsantsar jininsu da suka rage ba su kai hamsin ba. Daular tana tafiya ne a kan tsohon kwarjini. Nan take duk abin da suka yi a baya ya sami ma'ana, ka gane me ya sa suke tura mutum ɗaya ya ci duniya guda, me ya sa suka damu da jinsin da za su iya haihuwa da shi. Bayan yaƙi shugabansu Thragg ya tilasta a bar su su zauna cikin mutane a ɓoye su hayayyafa, zaman kuma shi ya narkar da su, mayaƙa suka yi iyali suka fara jin abin da ba su saba ji ba. Ba zan ce littafin ya tsira gaba ɗaya ba. Da aka gano Nolan, uban jarumin labarin, jinin tsohon sarkinsu Argall ne, sai duk suka juya wa Thragg baya a take, wanda shi ma maɓalli ne, an dai yi masa fenti.

Na biyun shi ne ya sa nake wannan rubutu. El Eternauta, na Héctor Germán Oesterheld da Francisco Solano López, ya fita mako-mako a Ajantina daga 1957 zuwa 1959, baƙi da fari, shafukansa a kwance. Fassarar Turanci ta 2015 na samu, ƙaton littafi mai nauyi a cinya. Abokai huɗu suna karta da dare a ɗakin sama na gidan Juan Salvo a gefen Buenos Aires, sai wata irin ƙanƙara ta fara sauka, duk wanda ta taɓa ya mutu nan take. Suka toshe kafofin gida, suka ɗinka rigar kariya da abin da ke hannu. Mutanen gari ne, malamin kimiyya, ma'aikacin banki, ɗan fansho, daga baya wani matashi mai aikin injin sassaƙa ƙarfe.

Yadda aka jera maharan ne gwanintar. Da farko manyan ƙwari suka zo, aka yi artabu da su har a filin ƙwallon River Plate, sai aka lura kowanne da wata na'ura a dashe a ƙeyarsa, ashe tuƙa su ake yi. Masu tuƙin su ne Manos, halittu masu yatsu birjik a hannu. Ka ce to ga bos. Salvo da matashin nan Franco suka kama ɗaya, suka kai shi wani gida, sai ya fara mutuwa a hannunsu. Ya gaya musu cewa su ma bayi ne. Waɗanda suka ci duniyarsu sun dasa musu wata ƙaba a jiki tun suna yara, wadda ke zuba guba a jini da zarar sun ji tsoro, saboda haka ko tunanin tawaye hukuncin kisa ne. Yanzu da gubar ta riga ta zuba, ba shi da sauran abin tsoro, a karon farko yana iya faɗin gaskiya. A cikin ɗakin girkin ya hango butar dafa kofi, ya nemi a miƙo masa, yana jujjuya ta yana mamakin kyawunta da ƙarnonin hikimar da suka taru a cikin abin da masu gidan ba sa ko kallo. Ya tuna duniyarsu, ya mutu yana rera waƙa.

Na daɗe a kan wannan shafin. Ka duba, ita ma ƙabar tsoron maɓalli ce, hanya ce ta kashe abokin gaba da ya fi ka ƙarfi, kuma jaruman sun sake amfani da ita daga baya da gangan. Amma ta fito ne daga cikin yadda daular ke mulki, ita ce sarƙar kuma ita ce tsagar, kuma duk lokacin da ta yi aiki sai ka ji kamar an yi rashi. Su kuwa iyayengijin, waɗanda ake kira Ellos, wato "su", har littafin ya ƙare ba a nuna fuskarsu ba. Duk wanda ka harba, wani ne aka tilasta, har da mutanen garinku da aka dasa wa na'ura a ƙeya aka juyo da su kanka. Oesterheld da kansa, a 1977, sojojin da ke mulkin Ajantina suka sace shi ba a sake ganinsa ba, 'ya'yansa mata huɗu su ma mulkin ya cinye su. Da wannan a rai, shafukan da maƙwabci ke bin umarnin wanda ba a gani suna da wani nauyi na daban.

El Eternauta ma yana da nasa aibin. Salvo ya shiga jirgin maharan, ya taɓa abin da bai sani ba, ashe na'urar ratsa zamani ce, ta jefa shi wani wuri. Sa'a ce tsagwaronta. Na yafe masa saboda ba ta ci masa yaƙin ba, ta dai raba shi da matarsa Elena da 'yarsa Martita, ta bar shi yana yawon nemansu.

Game da manhajar, wanda yake son ganin zanen Kirby da Adams da idonsa, wata ɗaya ko biyu sun ishe shi, kuma ya karanta a allo mai faɗi idan da hali. Ni ban sabunta ba da wata na uku ya cika. Littafin Eternauta yana wurin ƙanena mako biyu ke nan. Jiya na tambaye shi, ya ce, "Yaya, ka ƙara mini kwana uku, sun fito daga filin ƙwallon, yanzu suka kama mai yatsun nan."